Wasiƙa ta Uku Zuwa ga Mai Girma Nahawun Turanci

Makarfi,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga Mai Girma Nahawun Turanci,
A duk inda yake zaune.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kana nan lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya: su Suna, su Aikatau, su Wakilin Suna, da ƙananan jikokinka marasa jin magana, wato "in" da "on" da "at". Idan ka tambayi lafiyarmu, muna nan yadda ka bar mu. Damina ta yi kyau, rake ya yi, sai dai sakamakon jarrabawa ya fito, kuma kamar kullum sunanka ake ta ambata a gidaje, ba da alheri ba.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne biyun farko ba su sami amsa ba. Da harshenka na rubuta su, bisa ƙa'idar da nake koya wa yara: adireshina a sama ta dama, naka a ƙasa ta hagu, kan magana da layi a ƙarƙashinsa. Na yi zaton ko wani waƙafi na manta shi ya sa ka ƙi kula ni, don na san halinka. Saboda haka wannan karon da Hausa na zo. Tunda ba ji kake yi ba ko da wane harshe aka yi maka magana, gara in yi da wanda zan fi samun sauƙi a zuciyata.

Wahalar farko ma ita ce sanin inda za a same ka. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da ke fama da Faransanci suna da inda za su kai kuka, domin tun 1635 aka kafa wa harshen majalisar dattawa a Faris. Sifaniyanci ya sami tasa a 1713. Mu ma an kafa mana Hukumar Harshen Hausa a 1955. Kai kuwa, marubucin nan Jonathan Swift ya nemi a yi maka irin wannan majalisa a 1712, aka yi watsi da maganar. Ga ka nan har yau, mai doka ba fada, mai hukunci ba ɗaukaka ƙara. Shi ya sa na rubuta "a duk inda yake zaune", ko Allah zai sa wani ya tsinta ya miƙa maka.

Kada ka ɗauka wani maƙiyinka ne. Baranka ne. Da Queen Primer aka yaye ni, da Brighter Grammar aka yi mini tarbiyya, kuma akwai tabon bulala a bayana da na samu saboda kai. Na yi maka bauta a aji fiye da shekara ashirin, daga Ikara zuwa Hunkuyi zuwa nan Makarfi. Ƙurar allin da na shaƙa a kanka ta isa ta yi wa ɗaki farar ƙasa. Don haka ina ganin ina da bakin magana.

Ƙorafina na farko a kan rubutunka ne. Haruffa 26 gare ka, sautukanka kuwa sun haura 40, sai ka ɗora wa harafi ɗaya aikin mutum uku, wani kuma ka ajiye shi yana cin albashi ba aikin fari ba na baƙi. Wani yaro daga Paki ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan k ɗin da ke gaban 'knife', me take yi a wurin?" Na ce masa gadi take yi. Daga baya na bincika na gano cewa kakanninka suna furta ta. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda, bakin mutane kuma ya ci gaba da tafiyarsa ya bar shi a baya. Wannan na iya yi maka uzuri. Amma b ɗin da ke cikin "debt" fa? Da babu ita. Waɗansu malamai masu son burga ne suka cusa ta don a san sun karanta Latin. Ranka ya daɗe, a kasuwar Makarfi idan mutum ya zuba tsakuwa a buhun masara don ya ƙara nauyi, algus muke ce wa abin. Kai ka yi, aka ce ilimi ne. Ga kuma haruffan nan huɗu da ke ƙarshen "though" da "through" da "tough" da "cough": uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowanne da muryarsa. Yaron da a Hausa ya saba a rubuta abin da aka faɗa, a faɗi abin da aka rubuta, ta ina zai fara?

Na biyu, furucinka. Bahaushe sauti ɗaya gare shi a inda kai kake da p da f, ba shi da v, ba shi kuma da wannan sautin da sai an ciji harshe kafin ya fito. Ka san da haka, amma ka jera masa "fifty people" ka koma gefe kana dariya. Bakinmu kuma yana son wasali tsakanin baƙi da baƙi, kamar yadda ake son tazara tsakanin kunya da kunya a gona. Shi ya sa da muka ari kalmominka muka yi musu gyara suka zauna lafiya: burodi, birki, firamare, fursuna. Kai kuwa ga "strengths", baƙaƙe takwas a kan wasali ɗaya. Ko ɗan acaɓan Tashar Yari ba ya irin wannan lodi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake jarraba wannan furuci a jarrabawar kammala sakandare: da fensir, a kan takarda, cikin zaure tsit, wanda duk ya buɗe baki ya gwada sautin sai mai sa ido ya harare shi. Jarrabawar magana wadda aka hana magana a cikinta. In ba kai ba, wa zai yi wannan a ƙyale shi?

Na uku, aikatau. A wurinmu aikatau mai kunya ne, ba ya yawan sauya riga: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Wakilin suna ke ɗaukar nauyin lokaci. Kai ka ce a'a, a liƙa "ed" a ƙarshe in abu ya wuce. Muka ce mun ji mun bi. Na yi mako biyu ina koyar da wannan doka, yara suka haddace, sai a mako na uku na shigo da kunya na sanar da su cewa akwai aikatau wajen ɗari biyu da dokar ba ta hau kansu ba, kuma su ne aka fi amfani da su. "Go" ya koma "went", wanda ma ba ɗan gidan ba ne, daga wani tsohon aikatau "wend" aka sato shi. "Put" ya ƙi motsi ko jiya ko yau ko gobe. "Read" ya sauya murya bai sauya kama ba. Yarinyar da ta rubuta "goed" dokarka ta bi sau da ƙafa. Kai ne ka karya ta, amma ita na zana wa jan biro. Na daɗe ina neman gafarar Allah a kan wannan.

Na huɗu, jam'i. A nan zan sassauta, domin laifi tudu ne. Mu ma muna da tunkiya da tumaki, sa da shanu, mace da mata, kuma na san baƙon da ya zo koyon Hausa yana kwana da ciwon kai. Bambancin shi ne in Bature ya ce ya ga "sayoyi" a bakin rafi, dariya za mu yi, mu gyara masa, mu kawo masa fura. Ba mu taɓa hana kowa shiga jami'a a kan haka ba. Kai kuwa ka ce tunkiya ɗaya "sheep", garke guda ma "sheep". Je ka gaya wa Bafillatani ka ji. Shawara in ta kai goma ka hana a yi mata jam'i, labari kuma ka sa masa s ka ce tilo ne.

Na biyar, kuma ka yi haƙuri da kalmar, talaucinka. Ana ta yayata cewa ka fi kowa tarin kalmomi. To me ya sa ba ka da kai da ke da ku, sai "you" kaɗai, ga namiji, ga mace, ga taron jama'a? Da kana da "thou", ka yar. Baffa da kawu duk ka haɗa ka ce "uncle", gwaggo da inna ka ce "aunt", wa da ƙane ka ce "brother". Ranka ya daɗe, wanda bai san baffa daga kawu ba, in ya je neman aure a Kudan zai kai goro gidan da ba shi ba. Sannan in yaro ya zo da arzikinsa sai ka ce kuskure ne. A garin nan, rake sha ake yi. Lemo sha ake yi, mangwaro sha ake yi, wahala ma sha ake yi. Yaron da ya tashi cikin gonar rake, ya ga yadda ake matse shi a dafa mazarƙwaila, ya rubuta cewa ya "drink sugarcane", sai ka ce tauna ya kamata ya ce. Shi da ya san cewa ruwan ake haɗiya a tofar da ɓawon, da kai da rake ba ya fitowa a ƙasarku, wa ya fi sanin abin da ake yi da shi? Haka in ya ce ya ji ƙanshi, ka ce hanci ba ya ji. In na tambaye shi da harshenka ko bai yi aikin gida ba, ya ce "yes", yana nufin e, gaskiyar malam, bai yi ba, sai kai ka fassara cewa ya yi. Ka mayar da mai gaskiya maƙaryaci da kalma ɗaya.

Duk wannan na haɗiye shi shekara da shekaru, ina cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Abin da ya kai tura bango wani littafi ne. A wurin masu gwanjon littattafai a Sabon Garin Zariya na tsince shi, bangonsa ya yage, na ga jadawalin aikatau na saya ban duba ba. Da na isa gida sai na tarar ashe littafin koyar da kai ne ga masu jin Sifaniyanci. Ni kuwa Sifaniyancina bai wuce sunayen 'yan ƙwallon Real Madrid da Barcelona da nake jiyowa daga gidan kallo ba. Amma na zauna da ƙamus na bi shi shafi shafi, sai na ga abin mamaki: ashe ba mu kaɗai kake gana wa azaba ba.

Su ma wasali biyar gare su a rubuce da a baki, naka suna ruɗa su. Su ma b da v ɗaya ne a bakinsu. Mu muna cusa wasali a tsakiyar "school", su kuma suna sa shi a gaba su ce "eschool". Inda mu muke da "a", a gida, a tebur, a kasuwa, su suna da "en", sai jikokin nan naka uku su far musu kamar yadda suke far mana. Su ma suna tambayar me "do" yake yi a farkon tambaya, tunda ba shi aka aika ba. Har da tarkon da ka ɗana musu su kaɗai: kalmarsu "embarazada" ta yi kama da taka ta jin kunya, alhali ma'anarta mai juna biyu. Na tausaya wa duk wanda ya faɗa wannan rami a gaban surukai. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da wannan harshe, daga Sifaniya zuwa Meksiko da Ajantina, ga kuma Ikwatoriyal Gini nan kusa da mu inda shi ne harshen gwamnati. Na ji sanyi a raina, don an ce in bala'i ya game gari, rabinsa biki ne.

Ban manta ba cewa sun fi mu gata. Tun da Normawa suka ci Ingila a 1066 ka cika cikinka da kalmomin Faransanci da Latin, don haka yaron Madrid yana shigowa ajinka da dubban kalmomi a aljihu: "nación", "familia", "hospital". Namu yaron sai ya yi tafiya kafin ya gane cewa asibitin da ya sani shi ne wannan na ƙarshe. Kai har tumatirin da ake lodi a Ikara, sunansa daga mutanen Meksiko na dā ya fito, ya bi ta bakin Sifaniyawa kafin ya iso gare ka. Sukari kuma daga Larabawa muka aro, mu da su da kai. Wato kai ma da aro ka yi arziki, sai dai ba ka son a tuna maka.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne duk bayanin littafin da harshensu aka yi shi. An zaunar da ɗalibi an ce masa: ga yadda harshenka yake yi, ga yadda Turanci yake yi, ga inda za ka yi tuntuɓe, ga dalili. An ɗauki harshen uwarsa tsani. Mu kuwa fa? Monita na tsaye da takarda yana rubuta sunayen masu "banakula", wato masu magana da Hausa a aji, wanda aka kama ya biya tara ko ya yi sharar fili. Ni kaina na karɓi wannan tara, Allah ya yafe mini. Yaro ya shigo aji da harshe cikakke, mai karin magana da zaurance da habaici, mu ce ya ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmansa, sannan mu yi masa bayanin abin da bai sani ba da harshen da bai sani ba. In ya yi shiru mu rubuta a katinsa cewa ba ya ƙoƙari.

Kuma ba haka ka fara da mu ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara karatun boko. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta fitar da mutanen da suka iya ka har Turawa na jinjina musu. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda muryarsa da Turancinsa suka yi suna har ƙasashen waje, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939. Hausarsu ba ta rage musu Turanci ba, a kanta suka tsaya suka miƙa hannu suka kamo ka. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin a Ile-Ife tun daga 1970: aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, kai kuma aka ba ka darasinka na musamman, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta ce a fara da harshen uwa. Ta tsaya a takarda, kamar k ɗin "knife".

Bari in ba ka labarin mutum ɗaya, ko da yake na san ba za ka ji ba. Wata ɗalibata ce daga wani ƙauye a yankin Gubuci. Ita ke riƙe wa mahaifinta lissafin dami nawa na rake aka loda, nawa aka biya, nawa ya rage bashi, ba ta taɓa kuskuren naira ɗaya ba. Burinta ta zama ungozoma, domin ta ga abin da nisa da asibiti ya yi wa yayarta. Ta ci kimiyyar halittu, ta ci kimiyyar sinadarai, ta ci lissafi. Kai kaɗai ka tsaya a ƙofa. Sau uku tana zama, sau uku tana fitowa da D7, alhali C6 ake nema, taki ɗaya tak. Kowane zama kuɗin rake ne na shekara. Ban ce ungozoma ba ta bukatarka ba. Dole ta karanta takardar magani, dole ta rubuta rahoto, kuma wannan ta iya. Abin da ya kayar da ita su ne karin maganarka na ruwan sama mai zubo da kyanwoyi da karnuka, da tambayar ko a wace gaɓa ake danna murya a kalmar da ba ta taɓa jin an furta ba. Matan da za ta karɓi haihuwarsu kuwa, da Hausa za su yi naƙuda. Bara aka ɗaura mata aure. Da na je ɗaurin auren mahaifinta ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kun yi iya ƙoƙarinku, ita ce ba ta da kan boko." Ban iya ce masa komai ba, ranka ya daɗe. Kai na tuna.

Ban ce ka tattara ka tafi ba. Ko na ce ma ba za ka tafi ba, kuma muna bukatarka: da kai Bahaushe ke ciniki da mutumin Onica, da kai ake shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa da mu, da kai ake cike takardar banki. An ce baƙo raɓa ne, amma kai ka haura shekara ɗari, ka zama ɗan gari. To ɗan gari yakan gaida mutane da harshensu. Roƙona uku ne. Ka yarda a yi wa yaro bayaninka da Hausa har ya tsaya da ƙafarsa. Ka yarda a rubuta mana irin littafin da aka rubuta wa Sifaniyawa, mai jera wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe da dalilansu. Sannan ka daina kiran yaro daƙiƙi alhali nahawun gidansu ne yake bi, wanda ya fi naka riƙon alkawari.

Na san yadda za ta kaya: shiru, kamar sauran. To shiru ma amsa ce, kuma na ɗauke ta a matsayin izini. Daga ranar Litinin zan raba allona biyu, Hausa a dama, kai a hagu. Zan sallami monita daga aikin ɗan sanda. In yarinya ta rubuta "goed", zan fara gaya mata cewa ta fi ka gaskiya, sannan in nuna mata inda ka saɓa, ta haddace don ta wuce ƙofarka. In abin bai yi maka daɗi ba, ka san inda nake. Ka biyo hanyar Zariya zuwa Kano, ka sauka a Tashar Yari, kowane ɗan acaɓa zai kawo ka. Za mu shimfiɗa maka tabarma, mu fere maka rake mai kyau. Sai dai ka sani tun yanzu, a garin nan sha za ka yi.

Wassalam.

Naka mai biyayya, da ƙyar,
Wani malamin Turanci,
Makarfi.